Kalmasar Rigar 'Yar Firit

A gidan Inna mai ɗinki komai da awo ake yin sa, har abinci. Shekara talatin tana kan keke, tef a wuya, almakashi a gefen cinya, har idonta ya koma tef ɗin kansa. Ta kalle ka sau ɗaya ta san yadi nawa zai ishe ka. Da a kan yadi abin ya tsaya, da ba wanda zai ce uffan. Amma ita Inna a ganinta wanda yadi biyu ya rufe shi, cokali biyu ma ya ƙosar da shi, kuma makullin kabad ɗin abinci a jikin tef ɗin nan yake rataye.

Surukarta, matar babban ɗanta mai walda, ita ta fi kowa shan wannan awo. Ranar da ta fara shigowa gidan Inna ta dube ta daga sama zuwa ƙasa, kallon bai ɗauki wani lokaci ba, ta ce, "Yadi uku ma sai an yi ragowa." Daga ranar sunanta ya ɓace, ta koma Guntuwa. Gajeriya ce kam, ba ta taɓa musu ba, igiyar shanya ma sai ta taka bulo take kaiwa. Su kuwa 'yan gidan dogaye ne zanƙal-zanƙal, sai sun sunkuya suke shiga ƙofar kicin, musamman Auta, ƙanwar mijin, wadda nata mijin ke aiki a wani gari mai nisa, ta dawo gaban uwarta da zama.

Allah da ikonsa, a mako ɗaya suka haihu, kuma duk mata. 'Yar Auta ta zo ɓul-ɓul, aka yi ta kiranta Gimbiya. 'Yar Guntuwa ta zo ƙarama, Inna ta ɗaga zani ta leƙa ta ce, "'Yar firit, kamar uwar." Sunan ya bi ta. Uwar ce kaɗai ba ta faɗar sa, ita "Mamana" take ce mata.

Da yaran suka cika shekara, Inna ta yanka yadi ɗaya, shuɗi mai fararen furanni, ta ɗinka musu riga iri ɗaya. Haka take wa rigar yara kullum: ta bar kalmasa mai faɗi a ƙasa, inci uku cur a naɗe ta ciki, in yaro ya ƙara tsawo a warware a saki. Rigar Gimbiya ta tsaya daidai gwiwa. Ta Firit ta sauko har tsakiyar ƙwauri.

"Za ta cike ta," in ji Inna, tana cizge zare da haƙori. "Ko kuma ba za ta cike ba. Ai ba a jan mutum kamar roba."

Firit na da wata goma sha huɗu mai walda ya sauke su a ƙofar asibiti ya wuce shago. Nas ɗin, wata dattijuwa mai kaurin murya, ta kwantar da yarinyar a kan allon awo, ta danne gwiwoyin, ta turo katako har tafin ƙafa. Ta duba kati, ta sake aunawa.

"Me take ci?"

"Nono, sai ruwan shayi da burodi. Da rana 'yar shinkafa."

"Ƙwai fa? Madara? Kifi? Wake?"

Guntuwa ta sunkuyar da kai.

"'Yata, ki buɗe kunne ki ji ni. Yarinyar nan ta fara tsumburewa, tsawonta bai kai na watanninta ba. Kuma ba ƙashi kaɗai abin yake taɓawa ba, har ƙwaƙwalwa. Amma da sauran lokaci. Daga yau zuwa ta cika shekara biyu, abin da ta ci shi zai gina ta. In lokacin nan ya wuce, ramawa sai an sha wuya, wani ma ba ya ramuwa. Ƙwai ɗaya kullum, da madara, kin ji ko? Bayan wata biyu ki dawo min da ita."

A yi wa mai walda adalci, bai yi gardama ba. Washegari ya shigo da kiret ɗin ƙwai da gwangwanin madara ɗaure a bayan babur. Sai dai duk abin da ya shigo gidan nan gaban Inna ake dire shi, shi ma can ya dire. Inna ta sa albarka, ta zuba a kabad, ta murza makulli.

Da safe ƙwai ɗaya ta fitar ta ce a dafa. Guntuwa ta dafa da rawar jiki, ta kawo a ɗan kwano, ta zaunar da 'yarta kusa. Inna ta ɓare shi tsaf, ta hura, ta miƙa wa Gimbiya.

"Inna," in ji Guntuwa a hankali, "ai nas ɗin cewa ta yi..."

"Nas ce ta haifi 'ya'ya biyar duk dogaye, ko ni?" Inna ko ɗagowa ba ta yi ba. "Dubi cikin nan nata, ina zai kai ƙwai guda? Kin taɓa ganin an yanka wa jariri yadi biyar? Ɓarna ce kawai. Wannan abin nata gado ne, ko kiret za ta cinye a rana ke za ta biyo. Abinci inda zai nuna ake sa shi."

Firit ta rarrafo ta miƙa hannu wajen kwanon. Inna ta ture hannun da bayan yatsa, ba da ƙarfi ba. "A'a, na Gimbiya ne." Ta tsoma gutsuren burodi a shayi ta ba ta.

Haka aka yi washegari, haka aka yi jibi, haka kullum ta Allah. Kiret ya ƙare mai walda ya sayo wani. Kowace safiya hannun nan sai ya miƙe, kowace safiya sai an ce, "A'a, na Gimbiya ne."

Guntuwa ta tari mijinta a zaure yana goge babur.

"Yaya, ƙwan nan fa ko sau ɗaya bai shiga bakin yarinyar nan ba."

"To ni me kike so in yi? Ai na saya."

"Ka riƙa ba ni a hannuna."

Ya tsaya da tsumma a hannu yana kallonta kamar ta zage shi. "In shigo da abu gidan uwata in wuce ta in ba matata? So kike a ce kin shanye ni? Inna ta fi mu sanin yara. Kuma ke ma ai ga ki nan, kin rayu, gajartar ta hana ki wani abu ne?"

Ya tayar da babur ya tafi.

Tun daga nan wani abu ya shiga zuciyar Guntuwa wanda ita kanta take jin kunyarsa. Kishi take yi, kishi na gaske, kuma ba da kowa ba sai da yarinyar da ko magana ba ta iya ba. In Auta na yi wa Gimbiya wanka a tsakar gida, Guntuwa sai ta tsinci kanta tana ƙirga naɗin cinyoyin yarinyar. In Gimbiya ta yi gyatsa bayan kofin madara, sai ta ji kamar a cikinta aka tsame. Ta san ranar da Gimbiya ta fara tafiya, ta san ranar da ta kai hannu kan teburin yanka, ta fi Auta sanin girman 'yar Auta. Rannan Gimbiya ta faɗi ta fasa leɓe, Guntuwa ta ji wani sanyi ya ratsa ta kafin ta tuna da Allah. Ta shige ɗaki ta yi ta istigfari tana kuka, amma sanyin nan ta riga ta ji shi.

Ga masu kawo ɗinki, mata ba sa shiru. Kowace ta shigo sai ta ɗauki Gimbiya ta jijjiga ta ce, "Tubarkalla, wannan ai buhu ce!" Sannan ta hango Firit a gindin keke tana wasa da ƙyallaye. "Wannan ƙanwarta ce? Wata nawa tsakaninsu?"

"Kwana huɗu," in ji Auta, ta kwashe da dariya har tana riƙe ciki.

Saura kwana uku a koma asibiti, rigar Gimbiya ta haye sama da gwiwa. Inna ta yi guɗa a tsakar gida, ta ɗauko reza ta warware kalmasa, ta saki inci ɗaya da rabi, ta bi da keke. Da ta gama ta buɗe kabad ta ce wa Auta, "Daga yau biyu za a riƙa dafa mata. Jiki ya ƙaru, dole awo ya ƙaru."

Guntuwa na tsugune tana wanke-wanke, maganar ta faɗo mata a kunne ta zauna daram. Jiki ya ƙaru, awo ya ƙaru. Ashe a gidan nan sai ka girma ake ba ka abin da za ka girma da shi. To in haka ne, ita ma 'yarta za ta girma.

Washegari da rana Inna ta tafi kasuwa sayen zare, Auta na ɗaki tana barcinta. Guntuwa ta buɗe gwangwanin da Inna ke ajiye kayan ɗinki, ta ɗauki allura da shuɗin zare. Ta tuɓe wa Firit riga, ta juya ta, ta ƙara naɗe ƙasan inci ɗaya da rabi a kan kalmasar Inna, ta bi da ɗinkin hannu ƙanana-ƙanana, ta danne da dutsen guga. Da ta mayar wa yarinyar, rigar ta tsaya a ƙasan gwiwa kaɗan.

"Kin ga kin girma, Mamana," ta ce, ta sumbaci goshinta. "Gobe za ki ci ƙwai."

Mai walda ne ya fara lura da ya dawo bayan la'asar. "Inna, kin ga rigar Firit kuwa?"

Inna ta leƙo ta saman tabarau daga kan keke, ƙafarta ba ta daina taka feda ba. "To fa! Ashe tana motsi."

Guntuwa ta zuba wa makullin nan ido tana jira.

"Kun gani ko?" in ji Inna. "Ba ƙwai ba madara, ga ta tana tafiya daidai awonta. Da na biye wa surutun nas ɗin nan da an yi ta ɗura mata ɓarna. Jiki ya san abin da ya ishe shi."

"Alhamdulillahi," in ji mai walda, ya miƙe ƙafa. "To jibi ba sai na rufe shago na kai ku asibiti ba ke nan. Dama ina da ƙofofin mutane da zan gama."

Me Guntuwa za ta ce? Ta ce ƙarya ce, ita ta taɓa ɗinkin Inna da zaren Inna? Ta ɗauki 'yarta ta goya, ta koma kicin.

Da a nan ta tsaya, da sai a ce tsautsayi ne. Amma a yammacin nan ta ga wani abu da ya yi mata daɗi. Ta ga Auta ta kalli ƙafafun Firit ta taɓe baki, dariyar nan tata ba ta fito ba. Bayan kwana biyu wata mai kawo ɗinki ta ce, "A'a, 'yar ƙaramar ma ta fara miƙewa," Auta ta yi kamar ba ta ji ba. Guntuwa ta kwana biyu tana tauna wannan maganar kamar alewa. Shekara da shekaru ba a taɓa yabon wani abu nata a gidan nan ba. Da aka sake sakin kalmasar Gimbiya bayan wata uku, ta jira Inna ta fita, ta sake ɗaukar allura. Nan kam ko mai ba da labarin nan yana jin haushinta, domin wannan karon ta riga ta san ƙwai ba zai biyo baya ba. Don fuskar Auta kawai ta yi.

Riga na hawa, yarinya na sauka. Inna ta ce a yaye su rana ɗaya, tunda tare aka haife su, aka yaye. Gimbiya ta koma kan madara kofi biyu, Firit ta rasa ɗan nonon da ke riƙe da ita. Gashinta ya yi laushi ya yi ja-ja, in an taje sai ya biyo matajin. Gudawa ta kama ta mako guda, ta sake ta, ta sake kamawa. A da ta fara dafa kujera tana takawa, sai ta bari, ta koma zama. Gimbiya na gudu daga zaure zuwa kicin tana kiran sunan komai, kaza, mota, Inna, ruwa, ita kuwa Firit "Mama" kaɗai ke bakinta, shi ma sai ta ga dama. Ko kuka ba ta cika yi ba, har Inna na yabon haƙurinta. Da safe in an ɓare ƙwai ta daina miƙa hannu, sai dai ta bi shi da ido daga kwano har bakin Gimbiya.

Guntuwa ta yi iya yinta. Ɗan gutsuren kifin da ke faɗowa a kwanonta ta ɓoye a gefen zani ta ba ta a ɗaki, amma ita ma ai da awon Inna ake zuba mata, me zai ragu? Ta sake tarar mijin a zaure.

"Yaya, don girman Allah ka kai mu asibiti. Yarinyar nan ba lafiya gare ta ba."

"Haƙori ne, Inna ta ce. Kuma ba ga shi tana girma ba? Rigarta har ta wuce gwiwa. Ke dai ba kya son ki ga Gimbiya ta fi taki ne, kowa ya lura."

Maganar ta soke ta don akwai gaskiya a ciki. Watanni suka yi ta wucewa, tana ƙirga su a zuci, tana jin muryar nas ɗin nan. Ashirin. Ashirin da biyu. Ashirin da huɗu.

Yaran na da shekara biyu da wata ɗaya asiri ya tonu, kuma ba don an tausaya wa Firit ba. Wata mai kawo ɗinki ce ta ce, "Haba Inna, gidan ɗinki guda, jikarki na yawo da riga a cinya?" Inna ba ta ɗaukar abin kunya a kan sana'arta. Matar na fita ta ce, "Ke Guntuwa, tuɓo min rigar nan in sake ta."

Guntuwa ta tsaya inda take. Auta ce ta tuɓo rigar ta miƙa. Inna ta ɗauki reza, ta juya rigar, ta gyara tabarau, ta tsaya.

"Wannan ba ɗinkina ba ne."

Ta bi layin da farce. Layi ɗaya, ga kuma na biyu a samansa. Ta sa reza ta yi ta tsinka zaren ɗaya bayan ɗaya har ta iso kan nata ɗinkin na keke, wanda ba a taɓa taɓawa ba tun ranar farko. Ta girgiza rigar ta zura wa yarinyar, ta tsayar da ita a jikin keke. Rigar ta zubo har ƙwauri. Tsakanin inda take a da da inda take yanzu bai fi faɗin yatsa biyu ba.

Daidai nan mai walda ya shigo cin abincin rana.

"Zo ka gani, Babana! Zo ka ga munafukar da kake aure! A gidana, da zarena, da allurata, take ɗinka mana ƙarya!"

Auta ta tafa hannu. "Lallai! Ashe rigar ce ke girma! Kai, kishi bai yi ba. Da kin sani kin ɗinka mata takalmi mai tsini ma."

"Ke kika yi wannan?" in ji mai walda.

Guntuwa ta miƙe. Ko a tsaye iyakarta kafaɗar Inna, amma a ranar muryarta ta kai har zaure.

"Ni na yi! Na yi don in ga ko za a ba ta ƙwai ɗaya, ɗaya tak, cikin wanda ubanta ke saya. Na sake yi don baƙin cikin dariyar Auta, wannan kuma Allah ya yafe min. Amma Inna, wata tara! Wata tara rigar nan na jikinta da ɗinkina. Ke da kike gane ɗinkin wani tun daga bakin ƙofa! Da sau ɗaya kin ɗauki yarinyar nan kin ɗora a cinyarki, wallahi da a ranar kika kama ni."

Inna ta buɗe baki, ta kalli ɗanta, ta ce, "Ka ji rashin kunya ko?" Amma mai walda ba ita yake kallo ba. 'Yarsa yake kallo, ta gaji da tsayuwa ta zame ta zauna a cikin rigar.

Washegari da sassafe mai walda bai buɗe shago ba, ya kai su asibiti. Wannan karon har ciki ya shiga. Nas ɗin ta gane katin kafin ta gane fuskar. Ta kwantar da yarinyar a allon, ta auna, ta ɗora ta a sikeli, ta rubuta, ta ajiye biro da ƙarfi.

"Wata biyu na ce. Yau wata goma sha ɗaya. Ina kuka shiga?"

Mai walda ya sosa ƙeya. "Wato, mahaifiyata ce ta ce abin gado ne. Kin ga uwar ai gajeriya ce."

"Zauna, malam. Ba ƙarya ba ne, mace gajeriya ta fi yawan haifar ɗa ƙarami, kuma irin ɗan ya fi saurin tsumburewa. Shi ya sa shi ne ya fi buƙatar a cika masa kwano, ba a rage masa ba." Ta juya wajen Guntuwa. "Ke, kina da 'yan'uwa?"

"Yayyena biyu, maza."

"Gajeru ne?"

"A'a. Duk sun fi shi tsawo." Ta nuna mijin da haɓa.

"Uwa ɗaya uba ɗaya?"

"Eh."

"Kuna yara, in an samu ƙwai ko nama a gidanku, wa ake ba?"

Guntuwa ta ga kanta tana yarinya a bakin murhu tana kankare tukunya, yayyenta na suɗe hannu. "Su," ta ce.

"To ka ji gadon naku, malam. An hana uwa, ta tashi guntuwa, an zo an hana 'ya an ce uwarta ta biyo. Ita ma in ta haihu a hana tata, a ce jini ne."

"Za ta rama?" in ji Guntuwa.

"Za ta yi ƙarfi, za ta yi kumari, za ta yi gudu, in kun ba ta abinci daga yau. Kada ku fasa ko rana ɗaya. Amma ba zan yi miki ƙarya ba, 'yata. Abin da shekarar nan ta tafi da shi, ba duka zai dawo ba."

A hanya mai walda ya tsaya a wani kanti ya sayi ƙwai, ya miƙa wa matarsa a hannu. Da suka shiga gida ya wuce Inna da ledar a hannun Guntuwa, sannan ya dawo ya tsuguna ya faɗa wa Inna abin da aka ce, yana in'ina. Inna ta saurara tana zura zare a allurar keke.

"To ai ka ji da bakin nas ɗin," ta ce. "Tsawon uwa na da hannu. Me na faɗa tun farko?"

"Kuma dai ba mu muka ɗinke riga ba," in ji Auta daga kan tabarma, Gimbiya na zaune a cinyarta.

Ba wanda ya ce ya yi laifi. A irin gidajen nan ba a yin laifi, kowa na da dalilinsa a naɗe a aljihu. Ɗaya ta ce gado, ɗaya ya ce uwata, ɗaya ta ce ba ruwana, yarinya kuma ba ta da bakin cewa komai.

Guntuwa ta dafa ƙwan. Tana iya kai shi ɗaki, amma ta ƙi. A tsakar gida ta zauna, inda Inna za ta gani daga kan keke, inda Auta za ta gani daga tabarma. Ta ɓare shi a hankali, tana so Gimbiya ta hango, tana so ta miƙo hannu ta yi kuka, don ita ma sau ɗaya a rayuwarta ta ce a'a. Har yanzu kishin na nan, bai je ko'ina ba. Ta hura ƙwan ya huce, ta buɗe tafin 'yarta ta ɗora mata.

"Ci, Mamana. Naki ne."

Firit ta kalli ƙwan. Ta riƙe shi da hannu biyu, ɗuminsa na ratsa ta, yawu na zubo mata a haɓa. Sai ta dafa gwiwar uwarta ta miƙe, abin da ta yi watanni ba ta yi ba. Ta ɗaga ƙafa ta taka, rigar na harɗe mata ƙwauri, ta sake takawa, tana tangaɗi, ƙwan na manne a ƙirjinta kada ya faɗi. Mai walda ya ce, "Kai, tana tafiya!" Ta ratsa tsakar gidan taku bakwai har gaban tabarma, ta miƙa hannuwan nan biyu masu kama da tsinke.

"Na Gimbiya," ta ce.

Shi ne karo na farko da ta haɗa kalma biyu a duniya. Keken Inna ya tsaya cak.

Gimbiya ta karɓa ta kai baki, don ita ma abin da aka koya mata ke nan.